Gyara Ko Ƙaura? Abin Da Tarihin Kwalejin Katsina Ya Koya Mini

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Kalgo a ƙasar Gwandu, na tarar wata magana ta cika gari. Maganar kuwa ta makarantar sakandaren gwamnati ce, wadda ni da yawancin tsararrakina na wannan yanki muka yi. Ba zan ambaci sunanta ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba, kuma na san kusan kowane mai karatu yana da irinta a garinsu. Iskar farkon damina ta yaye kwanon azuzuwa uku ta jefar a gonar mutane, bangon ɗakin kimiyya ya tsage tun daga ƙasa har sama, tagogi kuwa sai ramukansu. Wasu ɗalibai sun koma ɗaukar darasi a gindin darbejiya, in hadari ya taso a tashe su kowa ya kama hanyar gida.

Aka kira taron iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai domin a shirya takardar da za a kai wa hukuma. Nan fa aka rabu biyu. Wasu suka ce a roƙi gyara, a mai da kwano, a ɗaure bangon da ya tsage. Wasu kuwa suka ce gyaran tsohon gini ɗinkin tsumma ne, kana ɗinke nan can na yagewa, gara a nemi fili a bayan gari a gina sabuwa fil, mai bene. Ni ina cikin 'yan sabuwa, har ma na tashi na yi dogon jawabi aka yi mini tafi.

Da dare muna zaune a ƙofar gida sai baffana, ƙanen mahaifina, wanda bai taɓa zama a aji ba, ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, na ji an ce ka yi magana mai daɗi a wurin taro. To, in an gina muku sabuwar, wa zai riƙa yi mata yaɓe?"

Na ce, "Haba Baffa, ai ginin siminti ne, ba ya bukatar yaɓe."

Ya yi murmushi ya ce, "Ashe? To, wadda kuka yi taro a kanta yau, da kara aka gina ta?"

Na rasa amsar da zan ba shi. Wannan tambaya ce ta sa da na dawo jami'a na shiga bin tarihin makarantar da ta fi kowace shahara da ƙaura a Arewacin Nijeriya, watau Kwalejin Katsina, wadda a yau ake kira Kwalejin Barewa ta Zariya. Abin da na samu shi ne nake so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu.

Makarantar Zaure

Kafin in shiga batun Katsina, ya kamata in waiwaya gida kaɗan. Ƙasar Gwandu ba baƙuwar ilmi ba ce. A nan ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa har ya rasu a 1829. A cikin littafinsa Ida'un Nusukh ya ba da labarin karatunsa, kuma abin da ya lissafa shi ne malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gare su. A wancan zamani ana kiran makaranta da sunan malaminta ne, ajinta kuma shi ne zauren gidansa.

Abin lura a nan shi ne, zauren malam yana da mai shi. In kaka ta yi aka kawar da amfanin gona, malam da almajiransa da maƙwabta su ne za su haƙo ƙasa su kwaɓa, su yaɓe bango, su toshe inda rufi ke yoyo, su gyara indararo. Ba a rubuta wa kowa takarda, ba a jiran kowa. Saboda haka tambayar baffana ba ta taɓa tasowa ba a makarantar zaure. Ta taso ne ranar da aka sami makarantar da ba ta kowa ba, ta hukuma.

Me Ya Sa Aka Zaɓi Katsina?

Makarantar boko ta gwamnati a Arewa ta soma ne a 1909 a Nasarawa ta Kano, a hannun Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa. Daga nan aka buɗe makarantu a larduna, sai matsalar malamai ta taso, domin babu isassun 'yan ƙasa da za su koyar. Don magance wannan ne aka kafa kwalejin horon malamai a Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a watan Maris na 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko.

A jawabinsa na buɗewa Gwamna Clifford ya bayyana dalilan zaɓen Katsina. Na farko, gari ne da Musulmi ke girmamawa saboda tsohon sunansa na ilmi, garin Gobarau da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, don haka sarakuna ba za su yi ƙyashin aiko da 'ya'yansu ba. Na biyu, Katsina tana nesa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar garuruwan ciniki, saboda haka ɗalibai za su sami natsuwa. Ko da yake bai faɗa a fili ba, duk wanda ya san siyasar mulkin mallaka ya san akwai dalili na uku, watau a nisanta samarin Arewa daga jaridun Ikko da 'yan bokon Kudu masu sukar Turawa.

Ginin kansa da ƙasa aka yi shi, irin ginin da maginan Katsina suka gada, bango mai kauri da rufin azara. Ba a jira siminti daga Ingila ba. A cikin wannan ginin ƙasa ne Kashim Ibrahim na Barno da Aliyu Makaman Bida suka yi karatu. A nan Ahmadu Raba, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya zauna daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. 'Yan Lardin Sakkwato a ƙasa suke tafiya, kwana da kwanaki, kafin su isa. Mu kuma ɗaliban Hausa muna da namu dalilin tunawa da wannan gini. A cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai ta 1933, uku na mutanen wannan kwaleji ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, dukansu tsofaffin ɗalibanta, da kuma Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a cikinta.

Darasi na farko ke nan. Waɗanda suka tsara Kwalejin Katsina sun fara da tambayar abin da suke so makarantar ta yi, sa'an nan suka zaɓi gari da irin ginin da ya dace da wannan manufa. Muna iya ƙin manufar tasu, amma dai gini ne ya bi manufa.

Ƙaura Ta Farko: Kaduna, 1938

Ba a yi shekara goma ba manufar ta sauya. A 1929 aka haɗa ma'aikatun ilmi na Kudu da Arewa a ƙarƙashin darekta guda, E. R. J. Hussey, wanda ya sake tsarin makarantu zuwa elementare da midil da babbar kwaleji. Aikin Katsina ya wuce horon malamai kawai, aka so ta riƙa shirya samarin da za su shiga aikin asibiti da aikin gona da na injiniya. Wannan kuwa yana bukatar ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya, da ruwan famfo, da lantarki, da hanyar kawo kaya cikin sauƙi. Sai ga shi nisan nan daga hanyar jirgi, wanda aka yaba a 1922, ya zama aibi.

Amma ƙaurar ba ta yiwu nan da nan ba, domin karayar tattalin arzikin duniya da ta soma a 1929 ta karya darajar gyaɗa da auduga, gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Sai a 1938 aka tashi daga Katsina aka koma sabon gini a Kaduna, hedkwatar Arewa, suna ya koma Kwalejin Kaduna.

Sabon ginin bai daɗe a hannun masu shi ba. A 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ba da jimawa ba sojoji suka karɓe ginin, aka mai da ɗalibai wani matsuguni na wucin gadi a cikin Kaduna. Watau ginin da aka yi shekaru ana jira, aka bar Katsina dominsa, ɗalibai ba su more shi ba. Duk da haka a wannan zamani na zaman aro ne Malam Aminu Kano ya gama a 1942, Shehu Shagari kuma ya yi nasa karatun daga 1941 zuwa 1944. Haka kuma a Kaduna ne aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗaliban kwalejin a 1939, wadda ta zama ɗaya daga cikin wuraren farko da 'yan bokon Arewa suka soma haɗuwa suna tattauna makomar ƙasarsu.

Darasi na biyu ke nan, kuma kashi biyu ne. Sabon gini ba ya zuwa ranar da aka yi alkawarinsa, saboda haka duk mai shirin ƙaura ya fara tanadin inda yara za su zauna kafin nan. Sa'an nan abin da ya riƙe makarantar a shekarun yaƙi malamanta ne da tsarinta, tun da ginin ya tafi amma karatu bai tsaya ba.

Ƙaura Ta Biyu: Zariya, 1949

Bayan yaƙi aka sake shiri, a 1949 makarantar ta koma Zariya, a wani makeken fili kusa da Kamfanin Gaskiya. A nan ta sami zama. An yi ta sauya mata suna har zuwa 1971 da aka raɗa mata Kwalejin Barewa. A nan Yakubu Gowon da Murtala Muhammed suka yi sakandare, Umaru Musa 'Yar'aduwa ma ya ratsa ta. In aka haɗa da Tafawa Ɓalewa da Shagari, shugabannin Nijeriya biyar ke nan daga makaranta guda.

Akwai wata hikima da aka yi a Zariya wadda ta burge ni. Da aka zo sa wa gidajen kwanan ɗalibai suna, sai aka sa sunayen mutanen da suka yi wa makarantar da ilmin Arewa aiki, irin su Ɗan Hausa da Clifford da Bienemann da Mort da Nagwamatse da Bello Kagara. Ta haka yaron da bai taɓa ganin Katsina ba ya kwana ya tashi da tarihinta a bakinsa. Ba a iya ɗauko bangon Katsina ba, amma an ɗauko sunayenta.

Sai dai Zariya ma tana da nata darasin. Makarantar da aka gina da baitulmalin Arewa gaba ɗaya, bayan an rarraba Arewa zuwa jihohi tun daga 1967, a yau nauyinta yana wuyan Jihar Kaduna ita kaɗai. Fili mai faɗi da gine-gine masu yawa abin alfahari ne ranar buɗewa, amma kowane ɗaki rufi ne da zai yi yoyo wata rana. Da kwalejin ta cika shekara ɗari a 2021, ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta ce ke kan gaba wajen neman kuɗin gyare-gyare. To, in makarantar da ta haifi shugabannin ƙasa biyar sai ta jingina da 'ya'yanta kafin ta tsaya, ina ga tamu ta ƙauye, wadda manyan 'ya'yanta malaman firamare ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma?

Ina Labarin Ginin Da Aka Bari?

Sa'ad da ƙungiyarmu ta kai ziyara Katsina na roƙi a biya da mu tsohuwar kwalejin. Na same ta tsaye. Mun shiga da rana tsaka, zafi kamar ya fasa kai, amma cikin ɗakunan da sanyi, saboda kaurin bango da tsawon rufi. Na tuna ajinmu na bulo da kwano, inda darasin bayan azahar a watan Afrilu yake zama azaba ga malami da ɗalibi.

Me ya sa ginin ƙasa na 1921 yake tsaye, ginin siminti da bai kai rabin shekarunsa ba yake zubewa? Amsar ba a cikin ƙasar take ba, domin kowa ya san ginin ƙasa in aka yi damina uku ba a taɓa shi ba, ya soma narkewa ke nan. Amsar ita ce ginin bai rasa mai shi ba. A 1959 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, a yau kuma gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya. Akwai wanda in bango ya zube za a tambaya. Wannan ita ce amsar tambayar baffana, na je har Katsina na samo ta.

Zamanin Kwangila

Yanzu sai mu tambaya, yaushe makarantunmu suka rasa mai su? A zamanin En'e kowace masarauta tana da baitulmali da ma'aikatar ayyuka, da magina da kafintoci masu albashi, waɗanda aikinsu ne su zaga gine-ginen En'e, har da makarantu, su gyara abin da ya lalace. En'e tana da nata laifuffukan, tarihi kuma bai ɓoye su ba, amma ta wannan fuska an san wanda za a kama.

A 1976 abubuwa biyu suka faru tare. Aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e, aka kuma soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An yi tsammanin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka fito. Ga kuɗin man fetur, ga gaggawa, sai aka shiga raba kwangilar azuzuwa ga duk wanda ya miƙo hannu. Bayan shekara shida waɗannan yara suka iso ƙofar sakandare, aka sake yin wata gaggawar. Da yawa daga cikin sakandarorin karkara 'ya'yan wannan zamani ne: bulo mai yashi da yawa, katako ɗanye, kwano marar kauri.

A shekarun 1980, da aka shigo da tsarin 6-3-3-4, gwamnati ta sayo injunan koyar da sana'a daga ƙasashen Turai ta Gabas ta rarraba wa makarantu. A wurare da dama injunan sun yi tsatsa a cikin akwatunansu, domin babu ɗakin da za a kafa su, babu lantarki, babu malamin da ya iya su. Wannan shi ne kishiyar abin da aka yi a Katsina, an sayo kaya kafin a tambayi inda za a sa su.

Daga nan gyara ya zama abin da ake jira daga sama, lokaci zuwa lokaci. Asusun rarar man fetur, PTF, ya gyara makarantu da dama kafin a rushe shi a 1999. Asusun harajin ilmi da aka kafa a 1993 ya taɓa taimakon sakandare, amma a 2011 aka mai da shi na manyan makarantu kaɗai. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma iyakarta firamare da ƙaramar sakandare, kuma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Ginin babbar sakandare kuwa yana wuyan jiha, Jihar Kebbi kuma, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ta gaji nata rabon na waɗannan gine-gine daga tsohuwar Jihar Sakkwato.

A nan ne gizo ke saƙa. Sabon gini yana da ranar buɗewa, da allo mai ɗauke da sunan wanda ya buɗe, da hoto a jarida. Mai da ƙusa goma a kwanon da ya soma ɗagawa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka ake barin ɓarnar da kafinta zai gyara cikin yini guda har ta zama ta miliyoyi, sa'an nan a kira taro irin wanda muka yi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma tsarinmu magani kaɗai ya sani.

Batun Fili

'Yan sabuwa, har da ni, mun ce a koma bayan gari. Ashe ra'ayin Gwamna Clifford muke maimaitawa ba mu sani ba, cewa makaranta ta fi kyau nesa da hayaniya. To, zamani ya sauya. A ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka sace 'yan mata a makarantar Maga, duk a cikin jiharmu. Makarantar da ke nesa da idon jama'a a yau abin tsoro ce. Ko babu wannan ma, duk mil guda da aka ƙara wa hanyar makaranta, akwai uban da zai cire 'yarsa, domin ba zai bari ta riƙa ratsa daji safe da yamma ba.

Sai kuma ruwa. Ƙasarmu ta fadama ce, ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi kuma ba ta gushe daga zukatanmu ba. A 2010 ambaliya ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, karatu ya tsaya. In haka ta sami jami'a, wajibi ne mai zaɓen filin sakandare ya tambayi tsofaffin gari inda ruwa ya saba bi, kafin ya tambayi mai awon fili. Bugu da ƙari, babu fili a bayan gari wanda ba gonar wani ba ne ko burtalin shanu, mu kuwa mutanen Dangoma mun san abin da toshe burtali ke haifarwa.

Akwai Hanya Ta Uku

Ba dole ne a zaɓi tsakanin faci da rushewa ba. A ƙauyen Dandaji na Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ƙauyen Hausawa irin namu, jama'a sun bukaci sabon masallaci domin tsohon na ƙasa ya lalace. Maimakon a rushe shi, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018, kuma da maginan yankin aka yi aikin. A Burkina Faso ma Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa da hannun mutanen gari, ya ɗaga kwano sama da silin don iska ta riƙa ratsawa, a 2022 kuma ya sami babbar kyautar duniya ta zanen gini, Pritzker. Amfanin irin wannan gini a wurina shi ne, wanda ya gina shi yana cikin gari, in ya tsage an san ƙofar da za a buga.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ina ganin duk jama'ar da ta zauna shirin gyara ko sauya makarantarta ya kamata ta amsa tambayoyi huɗu kafin ta rubuta wa hukuma takarda.

Ta farko, shin aikin makarantar ne ya sauya, ko kuwa gininta ne kawai ya lalace? An bar Katsina ne domin manufa ta fi ƙarfin wurin. In yoyo ne kaɗai, ba a ƙaura saboda yoyo.

Ta biyu, me injiniya ya ce game da harsashin kowane gini? Wanda tushensa ke da lafiya a gyara shi, wanda ya mutu a rushe shi a gina wani a gurbinsa, ɗaya bayan ɗaya, karatu na tafiya.

Ta uku, in ƙaura ta zama tilas, ina yara za su zauna kafin a gama, kuma me za a yi da tsohon wurin don kada ya zama kango, matattarar 'yan shaye-shaye?

Ta huɗu, wadda ta fi duka, wa zai riƙa yaɓe? A rubuta a cikin shirin, da suna da muƙami, wanda zai zaga gine-gine kowace shekara kafin saukar damina. A ware wa shugaban makaranta ɗan kuɗin gyara a hannunsa, kwamitin iyaye ya riƙa duba yadda aka kashe. A ja wa bango rawani ya danne bakin kwano, a shuka layin itatuwa ta gabas inda iskar hadari ke fitowa. Mu tsofaffin ɗalibai kuma mu sa rana guda a shekara, bayan kaka, mu yi wa makarantarmu gayya kamar yadda ake yi wa gonar surukai.

Ni dai na janye jawabin da aka yi mini tafi a kansa. An ɗage taronmu sai an kawar da amfanin gona, kuma na yi niyyar in Allah ya kai mu in tashi a gaban waɗanda suka tafa mini in ce na sake ra'ayi, ko da za a ce ɗan jami'a ya yi amai ya lashe. Na aika wa baffana cewa na samo amsar tambayarsa a Katsina. Ya aiko mini cewa da na tambaye shi tun farko, da ya rage mini kuɗin mota.

Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya je hutu ya leƙa makarantar da ta yaye shi, ya ɗaga kai ya dubi rufinta, ya tambayi wanda ke da alhakin gyaransa. In an ba shi suna, to, madalla. In kuwa aka yi shiru, ya sani aikin nasa ne. Allah ya sa mu dace, amin.